Wutar da ke fita daga bututun babur

(Jawabin da malamin makarantar garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ba su sami zuwa ba.)



Ya ku iyayenmu dattawa, mai gari da liman, shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kuka taso daga Yamai, Kwatano, Legas da Abijan domin wannan taro, ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanku da zuwa, barkanmu da kaka. Allah ya sa albarka a abin da muka samu.

Ni yaro ne a gabanku, kuma na san ba a koya wa dattijo tsoron wuta. Amma shugaba ya ce in yi magana a kan wani abu da ya shigo mana tun ƴan shekarun nan, watau wasan da samarinmu ke yi da babur, suna sa shi ya yi ƙara kamar bindiga, yana tofar da wuta ta bututun hayaƙi. Zan faɗi abin da na gani da idona, sa'an nan in faɗi abin da na sani game da injin, kana in kawo shawara. Hukunci kuwa naku ne.

Bara, a watan Disamba, wata ranar Talata da la'asar, ina cikin aji da yara. Kun san ajin, na zana ne da itace, har yau ba mu sami na siminti ba. Muna cikin lissafi sai muka ji tas! tas! tas! daga wajen hanyar kasuwa. Wani yaro ya yi ihu, ya ce, "Mushe, bindiga!" Kafin in buɗe baki rabin aji ya kwanta a ƙasa, sauran sun yi waje, suna tattake juna a bakin ƙofa. Wata yarinya ta faɗi, haƙorinta ya fashe mata leɓe. Da na leƙa, ashe kai amarya a ke yi. Babura ne wajen goma sha biyar, uku daga cikinsu suna aman wuta. Da magariba a wannan rana kuma dangar wani gida a kan hanyar da suka bi ta kama. Mata ne suka kashe ta da ruwan tulu. Washegari na je na auna da ƙafata: taki biyar ne tsakanin inda wutar ta tsaya da rumbun mai gidan. Tsoho ne, ƴaƴansa biyu suna Kwatano, kuma hatsin da ke cikin rumbun nan shi ne cimakar gidan har damina. Da iska ta juya kaɗan, da yau wani zance mu ke yi.

To, mene ne wannan wuta, kuma daga ina ta ke fitowa? Na tambayi samarin, suka ce mini alamar ƙarfin inji ce. Ku ba ni dama in bayyana yadda injin ke aiki, domin a nan kuskuren ya ke.

Injin baburanmu, ko Kasea ne, ko Haojue, ko Boxer, aiki huɗu ya ke yi yana maimaitawa. Da fari ya shaƙi mai gauraye da iska. Na biyu ya matse su wuri ɗaya. Na uku buji ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, ƙarfin wutar ya tura fistan, fistan ya juya ƙafa. Na huɗu ya tura hayaƙin waje ta bututu. Ke nan wurin wuta shi ne cikin inji, a rufe, inda ta ke yi mana aiki, kamar yadda wurin wutar maƙeri shi ne bakin zuga-zugi. Domin man ya ƙone sarai, kowane kilo 1 na mai yana bukatar kusan kilo 15 na iska. Idan mai ya yi yawa, ko kuwa aka hana buji ba da tartsatsi alhali an murɗa totur, sai man ya wuce ɗanye, ya shiga bututun da ya riga ya ɗauki zafi na ɗaruruwan digiri. Can ya haɗu da iskar waje, ya fashe. Ƙarar da ku ke ji ke nan, harshen wutar da ku ke gani ke nan.

Watau wutar nan man da aka saya ne da kuɗi, inji bai ci amfaninsa ba. Iyayenmu masu doki sun san wannan. In ka ba doki dawa, ka gan ta ta fito ɗungum a kashinsa, ba ka cewa dokinka ya yi ƙarfi, sai ka ce cikinsa ba lafiya. Haka babur mai aman wuta ya ke.

Masu ƙera babur sun san da wannan hatsari, shi ya sa suka sa masa salansa. A cikin salansa akwai ƴan ɗakuna da bututu mai huji-huji. Hayaƙi yana bi ta cikinsu yana rage gudu, yana hucewa, ƙara ta ragu, tartsatsi kuma ya mutu kafin ya kai waje. Abin da samarinmu ke yi shi ne su kai wa mai walda, ya farke salansar, ya cire kayan cikinta, ya like. Su biya kuɗi a lalata musu abin da aka sayo da kuɗi.

Yanzu bari mu yi lissafin hasara, mu fara da ta aljihu. A shekarar 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, man da mu ke samu da araha ta kan iyaka ya yi tsada. A watan Yuli na 2024 gwamnatinmu ta sa litar mai a kan sefa 499, watau dala ɗari babu tamma guda. Babur mai lafiya yana cin lita 2 zuwa 3 a tafiyar kilomita 100. Wanda ya kwana yana murɗa totur a tsaye domin ƴan mata su gani, yana ƙone man da zai kai shi kasuwar Fadama ya komo. Ba a nan ta tsaya ba. Ɗanyen man nan yana wanke baƙin man da ke shafe jikin inji daga ciki, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, zobban fistan su cinye. Bawul ɗin hayaƙi, wanda makanikanmu ke kira supap, yana ƙonewa. Buji yana yin baƙi ya daina kamawa. Bututun kansa yana tsagewa. Baburin da ya kamata ya yi shekaru yana aiki, sai ka gan shi a kwance a gareji tun bai ga damina biyu ba.

Ina so ku ƴan ci-rani ku saurari wannan da kyau, domin yawancin baburan nan guminku ne. Wani ya yi shekara biyu yana tura baro a Legas, wani yana tallar shayi a Kwatano, yana kwana a bakin shago, ya tara ya aiko wa ƙanensa babur domin ya yi kabu-kabu, ya riƙe gida, ya kai tsohuwa likita in ciwo ya tashi da dare. Ba ku aiko shi domin a yi wasan wuta da shi ba.

Hasara ta biyu ita ce gobara, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Ku dubi garinmu a wannan lokaci. Danga ta kara ce, jinka ta shibci ce, rumbuna cike su ke, harawa tana kan rumfa da kan itatuwa, ciyawa ta bushe ƙayau, ga iskar hunturu tana kaɗawa. Kuma daidai wannan lokaci ne na bukukuwa, domin sai an yi kaka a ke samun abin yin aure. Ke nan lokacin da aka fi yin wasan nan shi ne lokacin da gari ya fi saurin kamawa. Motar kashe gobara ba ta kwana a ƙauyenmu. Kafin a kira, kafin ta taso, kafin ta baro kwalta ta shigo rairayi, unguwa ta tafi. Mutanen cikin Dallol ruwansu yana kusa, amma mu da ƴan'uwanmu na kan tudu mun san igiya nawa a ke ja kafin guga ɗaya ta fito.

Sa'an nan ga mai a ko'ina. A bakin hanya ƴan ruwa-ruwa sun jera kwalabe, a cikin gidaje akwai bido-bido a ɓoye, wani ma a ɗakin kwana. Mutane da yawa suna tsammani sai wuta ta taɓa ruwan man kafin ya kama. Ba haka ba ne. Tururinsa ne ke kamawa. Fetur yana fitar da tururi ko a cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa, balle a zafin ƙasarmu. Tururin nan ya fi iska nauyi, sabo da haka ba ya tashi sama, sai ya bi ƙasa yana malala kamar ruwa, ido ba ya ganinsa. Kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ya isa ya kama. To, ina bututun babur ya ke? A ƙasa, daidai inda tururin ke kwance. Mai baburin kansa yana zaune ne a kan tankin mai, wani lokaci da bido a ɗaure a bayansa, a saman bututun. In kuma ya goyo mace, bakin zanenta ko hijabinta yana lilo a wurin. Tufafin yanzu yawanci na roba ne, in sun kama narkewa su ke yi su manne a fata.

Mun ga abin da tururin mai ke yi. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, tankar mai ta kife a Yamai kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti daga baya. Waɗansunku suna Yamai a lokacin. A ranar 15 ga Oktoba 2024 irin wannan ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka tafi. Mun kuma ga abin da zana ke yi. A ranar 13 ga Afrilu 2021 azuzuwan zana suka kama a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka ƙone. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake a Maraɗi, aƙalla yara 25. Ban ce wasan babur ne ya jawo waɗannan ba. Abin da na ke cewa shi ne, mai da zana ba sa tambayar daga ina tartsatsi ya fito, kuma ƴaƴanku a cikin zana na ke karantar da su. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hasara ta uku ita ce tsoro. A da, in an ji bindiga a gari, an san sarki ne ya yi hawa ko maharbi ya dawo. Yau kuwa kowa ya san halin da yankunan kan iyaka ke ciki, ba sai na faɗa ba. Tsohuwa mai hawan jini ta ji ƙarar nan da tsakar dare, me za ta ɗauka? Mace mai ciki fa? Kuma in aka saba da ƙarar ƙarya, ranar da ta gaske ta zo, Allah ya kiyaye, mutane za su ce ai yaran nan ne. Shi ma yaron yana sa ransa a hatsari, domin in ya yi wannan wasa da dare kusa da shingen jami'an tsaro, ba su da lokacin tambayarsa ko salansa ce. Ku tuna kuma, sabo da matsalar tsaro an hana hawan babur a jihar Difa a 2015, an hana a sassan jihar Tilaberi a farkon 2020. Waɗanda suka zauna a can sun ba mu labarin wahalar da talaka ya sha: mai naƙuda a kan amalanke, kaya ba sa kai wa kasuwa, samari ba aikin yi. Babur shi ne jakinmu na yau. Bai kamata mu da kanmu mu sa hukuma ta riƙa kallonsa da mugun ido ba.

Akwai ta huɗu, wadda ba a gani sai an girma, ita ce ta kunne. Ana auna ƙara da wani ma'auni da a ke kira desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun ce daga desibel 85 ƙara tana fara cin kunne in an daɗe cikinta, a desibel 100 kuwa minti 15 a yini ya isa. Babur da aka farke wa salansa yana iya wuce 100. Abin da ƙara ta kashe a cikin kunne ba ya sake tsirowa, babu maganinsa a likita, babu a wurin boka.

Wani zai ce, ai a waya muka gani, Turawa ma suna yi. Gaskiya ne, daga can abin ya fito. Tun wajen shekarun 1950 samarin Amurka ke sa wa motocinsu wani buji a bakin bututu domin su tofar da wuta a wurin nuna motoci. Motocin tsere ma suna yin haka, amma su a fili na musamman su ke gudu, da masu kashe gobara a tsaye, da makanikai masu kwance inji su sake shi bayan tsere. Abin da wayar ba ta nuna wa yaranmu shi ne, a jihar Kalifoniya doka ta hana mota fitar da harshen wuta a kan hanyar jama'a. Kuma a dazuzzukan gwamnatin Amurka ba a barin babur ya shiga sai da wata raga a cikin salansa mai tare tartsatsi. Su da ke da ruwan famfo da jiragen kashe gobara suna ƙara wa salansa kariya, mu da ke da tulu da guga muna farke tamu.

Wani kuma zai ce, Malam, ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa. Na yarda. Iyayenmu da ke zaune a nan sun yi sukuwa a bukin aure, sun ja zaren doki har ya tsaya da ƙafa biyu. Amma mai sukuwa gwaninta ya ke nunawa, wadda ya yi shekaru yana koyo, kuma a fili ya ke yi, ba a tsakanin rumbuna ba. Farke salansa kuwa ba ya bukatar gwaninta, kowane wawa mai ƴan kuɗin walda zai iya. Wanda ke son a san shi namiji ne, ga filin kokowa nan. Issaka Issaka ya ɗauko wa jiharmu ta Doso takobi sau da dama, duk Nijar ta san sunansa, bai ƙone dangar kowa ba. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, sai su tambayi liman. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kashe wuta kafin a kwanta barci. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Ga shawarwarin da na ke sa wa a gabanku.

Na ɗaya, duk wanda zai aiko da babur gida ya kafa sharaɗi tun farko: ranar da aka taɓa salansa, a karɓe makulli. In kun zo ganin gida ku sa a tayar da shi a gabanku. Kunnenku zai gaya muku gaskiya.

Na biyu, a bukin aure uban ango da abokan ango su ɗauki nauyi. Babur mai farkakkiyar salansa kada ya shiga ayarin kai amarya. Wanda ya karya, dattawa su yanka masa tara, ta shiga asusun ƙungiya. Ina roƙon iyayenmu mata da ƴan mata su daina yi wa mai wasan nan guɗa, domin guɗar ce ya ke nema. Ranar da aka daina, shi ma zai daina.

Na uku, mai gari ya kira makanikai da masu walda ya roƙe su su bar wannan aiki. Mu kuma mu riƙa kai gyaranmu wurin waɗanda suka yarda, domin kada su ga sun yi hasara.

Na huɗu, masu sayar da mai su ja teburinsu nesa da tashar babura da hanyar buki, kowa ya ajiye bokitin rairayi kusa da shi. A daina kwana da bido a ɗaki. Ku sani wutar fetur ba a zuba mata ruwa, domin man yana hawa kan ruwa ya bi shi ya bazu. Rairayi a ke zuba mata, ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo. Wanda ya ƙone kuwa, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, kada a shafa masa man goge haƙori, ko ƙwai, ko tawada, ko kashin shanu, a rufe da tsumma mai tsabta a kai shi likita.

Na biyar, a sa rana ɗaya ta gayya, samari su share ciyawa da kara taki goma kewaye da makaranta da rumbuna. A kuma hana babura bi ta bakin makaranta a lokacin karatu.

Na shida, kada mu hana kawai mu tsaya. Ƙungiya ta gyara filin bayan gari, ta sa kokowa da ƙwallo da sukuwa a kowace kaka, da ƴar kyauta ga wanda ya yi fice. Yaro in ba a nuna masa wurin wasa ba, shi zai zaɓa da kansa.

Ni ma ga nawa alkawari. Duk shekara, kafin a shiga bukukuwa, zan yi wa manyan ɗalibaina darasi a kan wuta da mai, in kai su wurin makaniki ya buɗe musu tsohuwar salansa su ga cikinta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ku samari da ke tsaye a baya kuna saurare, ba gaba na ke yi da ku ba. Waɗansunku a hannuna kuka koyi rubuta sunanku. Yarinyar da ta fashe leɓe ƙanwar ɗayanku ce, rumbun da ya tsira na kakan ɗayanku ne. Gobe in Allah ya kai mu ku je ku mayar da salansarku yadda ta ke.

Iyayena, in na yi kuskure ko na wuce iyaka, ku gafarce ni. Allah ya tsare mana garinmu daga gobara da fitina, ya shirya mana zuri'a, ya mayar da matafiya wuraren nemansu lafiya, ya kai mu kakar baɗi da rai da imani.